Shekarar da Muka Roƙi Toka

A daminar 2017 na ga Inna ta ɗauki ƙwarya tana bin gidajen maƙwabta tana roƙon toka. Mace ce da ko gishiri ya yanke mata ba ta aika yaro gidan kowa, sai ta haƙura har Baba ya dawo daga kasuwa. Amma a wannan shekarar ta cire kunya. Da sassafe take yafa gyale, ta shiga madafin mutane ta ce a kwashe mata abin da ya kwana a murhu. Wasu su ba ta, wasu su ce ta yi haƙuri, su ma masarar gare su.

Gonar da ta jawo mana wannan tana cikin filin noman rani na Birnin Ƙonni, wanda ruwansa ke gangarowa daga madatsun Mozage da Zango a kan gulbin Magiya, ya zo ya taru a Cerasa kafin a raba shi cikin kanal. Fili ne mai faɗin hekta fiye da 2,400, an tsara shi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, hukumar ONAHA da ƙungiyoyin manoma ke kula da shi. Rabonmu a ciki bai kai hekta guda ba, kuma gado ne daga kakanmu na wajen uba. Mu mutanen hatsi ne, furarmu da tuwonmu daga gonar tudu suke fitowa. Masara kuɗi ce. Ɗanya ake karya ta, mata masu gashi su saya su kai tasha da bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi. Da kuɗinta Baba ke biyan kuɗin ruwa, ya sayi taki, in Allah ya sa albarka ya haɗa da ragon layya.

Ni a lokacin na dawo daga karatu a Tawa, takarda na hannu, aiki babu, don haka gona ta zama wajen zuwana. Mun yi shuka bayan ƙaramar Salla, wadda ta faɗo ƙarshen watan Yuni. Tsiro ya fito gwanin sha'awa. Masara ta kai gwiwa, muna murna, sai muka fara ganin wasu fararen tabo a ganye, wuraren da aka kankare koren aka bar fata siririya da kake hango hasken rana ta cikinta. Baba ya duba ya ce tsutsar kara ce, wadda muka saba da ita, za ta ci rabonta ta wuce. Ba a jima ba tabon suka zama ramuka, sabon ganyen da ke buɗewa ya riƙa fitowa a yayyage. Ranar da Baba ya sa yatsu ya buɗe zuciyar wata masara, can inda ganye ke nannaɗe, ina tsaye a gefensa. Ciki cike yake da wani jiƙaƙƙen abu mai ruwan ƙasa, sai ka ce garin katako a shagon kafinta, ga wari na ruɓaɓɓen ganye. A ƙarƙashinsa tsutsa ce kwance, ƙatuwa, mai zane a gefe, ta ƙoshi har da ƙyar take motsi. Ya zazzage ta a tafin hannu. Ya buɗe ta gaba, ita ma akwai. Ya tsallaka kunya uku ya buɗe wata, ita ma akwai.

"Tun da anka haife ni ban ga irin wagga ba," in ji shi. Bai ƙara ko kalma ba har muka isa gida.

Shirun nan na san shi. Ina yaro lokacin da fara ta sauka a 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005, wadda jihar Tawa ta sha wuyarta ƙwarai. Na tuna yadda aka sayar da awakin Inna ɗaya bayan ɗaya, da yadda Baba ke zama a zaure bayan isha'i ba ya magana da kowa. Abin da na gani a fuskarsa ran nan ke nan, gabana kuwa ya faɗi. Fara dai ana ganin zuwanta, sama ta yi duhu, a fito da gwangwani ana kaɗawa, ana hayaƙi. Wannan ba wanda ya ga shigowarta. Da rana gona tsit, da safe ka tarar an ƙara cinye ta.

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika gari. A masallaci, a majalisar shayi, a kasuwar Laraba, zance ɗaya ne. Wani ya ce a cikin iri aka kawo ta, wani ya ce takin zamani ne ke haifar da ita, wani ya ce zunubanmu ne. Masu sayar da maganin feshi suka ga kasuwa. Illela ta Najeriya tana nan kusa da mu, ka hau babur ka je ka dawo kafin shayi ya huce, kuma tun da naira ta faɗi a 2016 kayan can suka yi arha ga mai sefa. Kwalabe suka cika tebura, rubutun jikinsu da Ingilishi, mu kuwa ɗan bokonmu na Faransanci ne, yawancin manoma ma ba su da ko wannan. Mai tebur shi ne likita, shi ne malamin gona. Ya ce murfi biyu a fanfo, in ba ta mutu ba a yi uku. Har piya-piya, wadda ake zuba wa sauro da kyankyaso, mutane suka riƙa haɗawa a ciki.

Baba ya sayi nasa, ƙanena ya goya fanfo. Na tuna shi da rana tsaka, ba takalmi, ba abin rufe hanci, rigarsa ta jiƙe sharkaf a baya inda fanfon ke yoyo. Warin maganin ya cika fili har kana jin ɗacinsa a harshe. Da yamma yaron ya kasa cin tuwo, ya yi ta amai a bayan ɗaki, idanunsa jawur, kansa na sarawa. Inna ta ba shi nono, don haka kowa ke yi, ta zauna a kansa har asuba tana kiran sunan Allah. Allah ya kiyaye ya tashi. Da na koma gona na ga matattun tururuwa a gindin masara, na ga gizo-gizo sun naɗe ƙafa. Na buɗe zuciyar masara, tsutsar na nan da ranta. A lokacin ban gane dalili ba, na ɗauka maganin jabu ne kawai. Sai daga baya na fahimci cewa ita da rana can ƙasa take lafewa, kashin nan nata ya toshe mata ƙofa, feshin da aka yi a saman ganye da zafin rana bai ko kai gare ta ba. Waɗanda ke cin ta su ne muka kashe.

Ana cikin haka kakarmu ta wajen uwa ta zo ganin jikan da ba shi da lafiya. Daga wani ƙauye take kusa da Badagishiri, a gundumar Illela ta Adar, inda suke noman dawa a kwari. Tsohuwa ce da ba ta zama. Kwana ɗaya ta ji mu muna jimami, washegari ta ce a kai ta ta gani da idonta. Ta buɗe masara biyu uku, ta taɓa kashin, ta shinshina. Sa'an nan ta tsuguna ta ɗebi busasshiyar ƙasa mai laushi daga kan kunya, ta murza ta tsakanin yatsu, ta zuba a cikin zuciyar masarar.

"Maigidana, matso ka gani," ta ce da ni, don haka take kirana tun ina ƙarami. "Haka muka iske iyayenmu na yi wa dawa in tsutsa ta shiga. Toka ta fi, a haɗa ta da rairayi. Kuma ba a cika ta, ɗan tsunkule ne."

Baba bai yi musu da ita ba, ba a musu da suruka. Amma na ga bai yarda ba. Abin da kwalbar kuɗi ta kasa, ƙasar da muke takawa za ta iya? Inna ce ta ɗauki maganar uwarta da gaske, kuma daga nan roƙon toka ya fara.

Toka a gidan Bahaushe ba shara ba ce. Da ita ake tace ruwan toka na miya, da ita ake binne waken iri don kada ya yi ƙwari, da ita ake goge tukunya. Abin da murhu ɗaya ke bayarwa a yini kuwa bai wuce cikin ƙaramar ƙwarya ba. Da gidaje suka gane amfaninta kowa ya riƙe tasa. Sai muka koma wajen masu burodi, muna jiran su kwashe tanda, da masu tsire da balangu a bakin tasha, da mata masu tuyar ƙosai. Wani mai burodi da farko yana murna an rage masa aikin zubarwa, daga baya ya sa mata kuɗi. Ban ga laifinsa ba. Rairayi kuma daga ƙoramar da ke bayan gari yara ke ɗebo shi a buhu a kan jaki. Da dare Inna da ƙannena mata biyu suke zama a tsakar gida, su tankaɗe tokar a fitar da gawayi, su haɗa da rairayi, su cika ƙore. Ƙurar na tashi, ana tari, gashin ido ya yi fari.

Aikin kansa kafin rana ta fito ake fara shi. Da an idar da sallar asuba muke kama hanya, raɓa ta jiƙa wando har cinya, sauro na binmu. Kowa ya ɗauki kunyarsa, ƙwarya a hannun hagu. Ka tsaya a kan masara, ka ɗan buɗe bakinta da yatsa, ka leƙa. In ka ga sabon kashi mai danshi, tana ciki. In ƙatuwa ce, toka ba ta isa ba, sai ka matse zuciyar a hankali daga ƙasa har ta leƙo, ka cafke ta. Sanyi gare ta a hannu, da laushi, tana murɗewa tana fitar da koren ruwa a yatsunka. Yara na biye da gwangwani ana jefa musu. Sa'an nan ka tsunkuli toka da yatsu uku ka zuba, ka girgiza karan kaɗan don ta gangara, ka matsa gaba. Wani lokaci ka juya ganye ka ga wani ɗan tabo mai gashi-gashi, fari-fari, bai kai girman farce ba. Ƙwai ne. Kaka ce ta fara nuna mana shi, ta murtsuke shi da babban yatsa ta ce wannan murzar ɗaya ta fi kama tsutsa ɗari. Ashe ba ta yi ƙari ba, don tarin ƙwai guda yakan kai ɗari zuwa ɗari biyu.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Hekta ɗaya takan ɗauki masara dubu arba'in ko hamsin, kowace sai an tsaya a kanta, an duƙa, an leƙa. In aka yi ruwa ya wanke tokar, ko sabon ganye ya fito, sai an sake. Kafin hantsi bayanka ya riƙe, ba ka iya miƙewa sai ka dafa ƙugu. Toka na da kaifi, tana cin fata. Yatsun ƙannena suka tsattsage, wurin ya yi baƙi, da dare Inna na shafa musu man kaɗe suna cije baki. Ƙaramar tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Wata safiya na waiwaya na ga ta tsaya a tsakiyar kunya, ƙwarya a hannu, tana kuka ba sauti, saboda ganyen masara ya yanke ta a kan tsagar kuma toka ta shiga. Na ce ta je ta zauna a inuwa. Ta ce in ta zauna wa zai ƙarasa kunyarta. Har yau in na ji wani a rediyo yana cewa wannan dabara ce "ta kyauta", yarinyar nan nake gani.

Amma ta yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. A wuraren da muka riga tsutsar girma, sabon ganye ya fara fitowa lafiyayye. Ƙanana ba sa jure tokar, tana kankare musu fata ta busar da su, rairayin kuma ya hana su sakat a inda suke fakewa. Daga baya na ji masana na cewa ita kanta ƙasar gona tana ɗauke da ƙananan cututtukan da ke kama tsutsa, shi ya sa wadda Kaka ta fara zubawa ba wasa ba ce. Wani maƙwabcinmu da ya ga haka ya ce shi zai gama da ita gaba ɗaya, ya riƙa cika zuciyar masara da zallar toka da tsakar rana. Ganyen ya ƙone, ya yi ja, wasu ba su tashi ba. Sai a nan Baba ya fara ɗaukar ƙwarya da kansa, kuma na lura tsunkulensa ya fi na kowa ƙanƙanta.

Kawu, ƙanen Inna, yana noman albasa a wajen Galmi, cikin gundumar Malbaza. Da labari ya kai masa ya zo a kan babur da buhun 'ya'yan dogon yaro a baya. Su manoman albasa sun daɗe suna amfani da shi a kan ƙwarin da ke tsotse ganyenta. Itacen kuwa ba ya wuya a ƙasarmu, yana kowace ƙofar gida, kuma tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi a kwarin Magiya ta wajen Buza don ya tare iska. 'Ya'yan da muke sharewa mu zubar su ne ya ce a tattara. A shanya su, a ɓare, a daka a turmi har su yi gari. Rabin kilo a ruwa lita 10, a bar shi ya kwana, da safe a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe fanfo, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Shi yana ƙara dakakken barkono. Ranar da aka yi dakan ba wanda ya iya zama a tsakar gida, atishawa ta kori har kaji, turmin kuma Inna ta ce ba zai ƙara ganin hatsinta ba saboda ɗaci.

"Da marece za ka fesa, ɗana," in ji Kawu. "Rana na kashe ƙarfinsa, ita kuma da dare take fitowa. Kuma ka sa bakin fanfon cikin zuciyar, kada ka yi wa iska wanka."

Washegarin feshin Baba ya je ya buɗe, ya tarar da tsutsa da rai, ya dawo ransa a ɓace. Kawu ya ce, "Yaya, ba kisan take yake yi ba. Duba ko ta ci wani abu." Gaskiya ne, babu sabon kashi. Tana nan kwance, ta yi laushi, ta daina ci. Dogon yaro haka yake, yana hana ta abinci, ya hana ta sake fata ta girma, sai ta mutu a hankali. Mutumin da ya saba ganin ƙwaro ya faɗi nan take yana da wuya ya yarda da maganin da sai an jira shi, kuma na san mutane da yawa da suka gwada sau ɗaya suka watsar saboda wannan.

Sai cikin watan Agusta wani malamin gona ya tara mu a gindin bishiya kusa da babban kanal, ya gaya mana ko wace ce baƙuwar. Ya ɗora ɗaya a kan takarda ya nuna mana alamar Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a kusa da wutsiya. Ya ce asalinta nahiyar Amurka ne, kuma a farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudancin Najeriya wajen Ibadan da ƙasashen da ke kusa, daga nan ta bazu ƙasashe da yawa na Afirka. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka da ke tashi da dare, yana iya yin kilomita 100 kafin gari ya waye in iska ta taimaka, kuma mace ɗaya takan saka ƙwai dubu ko fiye. Ya ce dalilin da ya sa muke samun ƙatuwa ɗaya tak a kowace masara shi ne suna cin junansu, mai ƙarfi ke saura. In ta ƙoshi sai ta sauka ta shiga ƙasa ɗan zurfin yatsa, ta fito da fiffike, duka cikin wata guda a irin zafinmu. Wani dattijo ya tambaye shi yaushe za ta tafi. Malamin ya ce ba za ta tafi ba. Na ji wurin ya yi tsit. Ya ce mu riƙa duba gona tun masara na ganye uku, mu murtsuke ƙwai, mu ci gaba da toka da ƙasa da dogon yaro, in kuma dole sai maganin kwalba, a nemi wanda hukuma ta amince da shi, a fesa da yamma, a rufe jiki.

A tsakiyar watan aka yi wani ruwa mai ƙarfi da dare, irin wanda ke cika zuciyar masara har ta tumbatsa. Da safe muka ga ƙananan tsutsotsi birjik a ƙasa, balbelu na tsinta. Masarar da muka ɗauka ta gama yawo ta miƙe, ta fid da tuta, ta fara goyo. Wannan ma ban san shi ba a da: masara na iya jure yagewar ganye mai yawa ta kuma ba da amfani, muddin ba a cinye mata idon da take girma da shi ba. Munin gona a ido ya fi asarar da ke ciki, shi ne ke sa mutum ya firgita ya ruga wajen mai tebur.

Murnar ba ta cika ba. Da tuta ta fito babu sauran zuciyar da za a zuba wa toka, tsutsar ta koma kan goyo, ta bi ta gemu ko ta huda ta gefe. Can ba abin da hannu zai yi. Babbar Salla ta zo a farkon Satumba, lokacin da ɗanyar masara ke tsada. Mata masu gashi suka zo gona, kuma a wannan shekarar ba wadda ta yarda ta saya a rufe. Kowace sai ta yage rigar masarar ta leƙa. Ina tsaye ina kallo, ana ware masu kyau gefe, masu huda da funfuna gefe. Ɓangaren da ke bakin kanal, inda muke fara aiki kullum da ƙarfinmu da cikakkun ƙore, ya ba da masara mai kyau. Can ƙarshen fili, inda muke isa rana ta yi zafi toka ta ƙare, yawancinsa dabbobi suka ci. Gona ɗaya, iri ɗaya, ruwa ɗaya. An biya kuɗin ruwa. Layya kuwa da ɗan akuya aka yi ta, Baba ya yanka bai kalli kowa ba.

Da rani muka ga abin da malamin ke nufi. A ƙauyen su Kaka, inda ba a shuka sai da ruwan sama, fili na bushewa wata bakwai ko takwas, tsutsa ba ta da abin ci. Mu kuwa albarkar ruwan da muke taƙama da ita ita ce ke ciyar da ita, don a filin Ƙonni da lambunan Tsarnawa da Dogarawa da wuya ka rasa koriyar masara ko dawa a wani lungu, kowane wata na shekara. Wannan ya karya tasa, wancan tasa na gwiwa, uwar tsutsa ta tsallaka kunya kawai. An yi ta magana a taron ƙungiya cewa a riƙa shuka lokaci guda. Kowa ya ce gaskiya ne, amma wanda ya riga kowa kai masara tasha shi ke cin kasuwa, wanda kuma bai samu kuɗin iri da wuri ba dole ya makara. Har yau ba a daidaita ba.

Mun ƙara koyon wasu abubuwa a shekarun da suka biyo. Masarar da aka haɗa da wake ko gyaɗa ba ta shan wuya irin wadda aka shuka zalla. Wasu na yayyafa ruwan sukari ko romon kifi a kan masara don tururuwa su hau, in sun hau kuwa ba sa barin ƙananan tsutsotsi. Na gwada na ga tururuwa uku na jan wata da ta fi su girma suna gangarowa da ita kan kara. Ƙungiyar RECA ta riƙa yaɗa bayani da Hausa ta waya, manoma na aika hoto ana ba su amsa. Masu bincike na INRAN a Maraɗi, waɗanda suka daɗe suna rarraba 'yan jakunkunan da ke ɗauke da ƙaramin zanzaro mai kashe murzunar hatsi, su da abokan aikinsu na ICRISAT sun juya kan wannan ma, kuma an tarar akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro a Nijar, Telenomus remus, da ke saka ƙwansa cikin ƙwan tsutsar ya lalata shi. Duk wanda ya yi feshi barkatai, har da shi yake kashewa. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019 kwalabe suka yi tsada, na ga mutanen da suka yi wa Inna dariya suna tsintar 'ya'yan dogon yaro a ƙofar masallaci.

Ina jin haushi iri biyu in ana wannan zance. Akwai masu raina toka, su ce aikin tsofaffi ne da jahilci, alhali na ga abin da ta yi a bakin kanal, na kuma ga ƙanena yana amai. Akwai kuma masu yabonta daga ofis, su ce ga magani a hannun talaka ba sai ya kashe ko dala ba. Waɗannan ba su taɓa duƙawa a kan masara dubu kafin hantsi ba, ba su tambayi hannun wa ke zubawa ba. A gidajen da na sani hannun mata ne da yara, waɗanda ba a lissafa su in ana lissafin kuɗin noma, kuma ba su ke karɓar kuɗin masarar ba. Toka da dogon yaro maganin gona ce daidai yawan hannuwan gida, kuma sai an riga tsutsar girma. In ana son taimakon manomin Ƙonni, a kawo masa garin dogon yaro dakakke mai arha, a kawo zanzaron nan cikin jaka yadda aka yi wa hatsi, a sa ido a kan abin da ake sayarwa a tebur.

Kaka ta rasu 'yan shekaru bayan haka, Allah ya jiƙanta. Baba bai daina masara ba, amma tun daga wannan daminar yake auna ta da mutanen da za su iya bin ta kunya-kunya. Da aka aurar da babbar ƙanwata ya rage fili. Da ƙaramar ta samu shiga makarantar kwana ya ce ba zai hana ta ba, ya sake ragewa. Yanzu masararsa ba ta wuce ɓangaren bakin kanal ba, sauran albasa ce da rani, dawa da damina, kuma in kuɗin ruwa ya gagara ni nake cikawa daga albashina.